Kawuna da Garin da Ake Kira Sauransu

Kawu ya cika da hantsin wata Laraba a ɗakinsa na Gashuwa, kansa bisa cinyar ƙanwarsa, Inna, wadda ta haife ni. Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma, sai dai shi ya riga mu. Ina hanya lokacin. Kafin motarmu ta wuce Dapchi an riga an kai shi makwancinsa, don haka ban ga fuskarsa ba. Zan faɗi gaskiya tun daga nan: wani sashe na zuciyata ya ji sauƙin hakan. Wannan sauƙin da na ji shi ne ya zaunar da ni nake wannan rubutu.

Na iske ƙofar gidan cike. An shimfiɗa tabarmi tun daga bakin zaure har gindin darbejiyar maƙwabta. Yawancin mazaunan ɗalibansa ne na dā, wasu har sun yi furfura. Wani direban a-kori-kura mai jigila tsakanin Gashuwa da Jakusko yana ba da labari lokacin da na zauna.

"Wallahi a tsakiyar tasha ya tare ni," in ji shi. "Ya ce, 'Kai, wa ya rubuta maka wannan a bayan mota?' Na ce mai fenti ne, Malam. Ya ce, 'Haƙuri ake cewa. Ina lanƙwasar harafin?' Ya zaro jan bironsa ya hau gyara a jikin ƙarfe, fasinjoji na ta ƙorafi."

Aka fashe da dariya, sannan aka tuna inda ake, kowa ya sunkuyar da kai yana cewa Allah ya jiƙan Malam.

A cikin gida, tsakanin mata, akwai Madam mai shagon intanet na bakin kasuwa. Kirista ce 'yar kudu. Ta ɗaura baƙin ɗankwali, ta zauna a ƙasa kusa da Inna, tana kuka fiye da wasu 'yan uwa na jini. Baba kuwa ya zo daga Nguru tun kafin a fita da gawa. Shi da Kawu sun shafe shekara fiye da ashirin ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, daga ganin wata har zuwa wane kifi ya fi daɗi. Ya zauna a gefe da carbinsa, aka kawo abinci ya ture. Da na durƙusa na gaishe shi, bai amsa gaisuwar ba. Cewa ya yi, "Yanzu da wa zan yi musu?"

Ni kuma duk wanda ya miƙo mini hannu sai ya ƙara da magana ɗaya: "Kai ne ɗansa na gaske." "Kai ka gaje shi." "Kullum zancenka yake." Na riƙa amsawa da amin, ina jin kamar ana zuba mini garwashi a aljihu.

Kawu malamin firamare ne har ya yi ritaya. Ya koyar a ƙauyukan ƙasar Bade kusan duka, a kan keke ɗaya da ya ɗaure wa rediyo a gaba. Mutum ne siriri, mai saurin tafiya, ba ya rabo da jan biro da ɗan littafi a aljihun gaba. Yana gaishe da kowa da harshensa. In Babarbare ne ya ce masa wushe, in Bafulatani ne ya tambayi shanu da Fulatanci, in ɗan uwansa Babade ne kuwa sai muryarsa ta sauka, ta yi taushi, kamar ya cire takalmi. Ɗalibansa sun ce bai taɓa kiran rajista da lamba ba, ko da yara sun cika aji har taga. Sai ya kira kowa da sunansa da na ubansa, ya jira ya ji amsa. Yakan ce, "Wanda ba a kira ba, ba a ce ya ƙi amsawa." Shayi yake sha ba sukari, wai sukari na ɓoye ƙaryar ganye. In ya yi fushi ba ya ɗaga murya, sai dai ya cire hularsa ya duba cikinta kamar ya ajiye wani abu a ciki.

Rigimarsa mafi girma da Baba a kaina aka yi. Kakannin Baba daga Kano suka biyo jirgin ƙasa zuwa Nguru, suka kafa cinikin fata da ƙaro, kuma a ganin Baba duk ɗan da ya gama sakandare wurinsa bayan kanta ne. Na gama a ƙarshen shekarun casa'in, na yi wata shida ina auna ƙaro. Sai ga Kawu wata Asabar, ya zauna a bencin shago bai ko karɓi ruwa ba.

"Alhaji, na zo tafiya da yaron nan."

"Malam, ɗana ne ko naka?"

"Naka ne. Shi ya sa na zo roƙo ban aiko ba."

"Me zai koya a Gashuwa da babu a Nguru? Kamun tarwaɗa?"

"In ya koyi wannan ma ba zai kwana da yunwa ba. Amma keken rubutu nake so ya koya. Hannunsa na da kyau, kana ɓata shi da sikeli."

Baba ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba inda zan je. Kawu ya cire hula ya duba cikinta, ya mayar, ya tafi. Asabar ta gaba ya dawo ya zauna a bencin nan. Haka ya yi Asabar biyar, yana gyara wa Baba rubutun allon shago a gaban masu ciniki, har Baba ya ce, "Ɗauke shi, don Allah, in huta da kai." Ba su yi wa juna magana ba sai da babbar salla.

Wurin Madam ya kai ni. Mijinta malami ne, sun koyar tare da Kawu a wani ƙauye kusa da Dagona. Da mijin ya rasu ba ta da kowa a nan, Kawu ne ya shiga motar da ta ɗauki gawar, ya raka ta har garinsu a kudu, kwana biyu a hanya, ya tsaya a bakin coci har aka gama, ya dawo da matar da 'ya'yanta. Bai taɓa ba ni wannan labarin ba, daga bakinta na ji. A shagonta na koyi keken rubutu, da ta sayi kwamfuta na koyi kwamfuta, da ta kafa faranti a kan rufi intanet ya shigo, na koya wa kaina haɗa shafin yanar gizo daga abin da nake karantawa. Tun ranar da Kawu ya gan ni na kwance bayan kwamfuta ina hure ƙura ya laƙaba mini Injiniya.

A shekarun nan ne ciyawar kachalla ta cinye fadamunmu. Ta toshe hanyoyin ruwa, inda ake noman shinkafa ya koma daji, inda ake jefa koma ya zama ba a iya tura kwalekwale. Sai wata ƙungiyar agaji ta zo daga birni za ta raba kayan aiki: laujen yankan ciyawa, koma, irin shinkafa, da injin ban ruwa ga kowane rukuni. Sharaɗinsu shi ne a yi wa masunta da manoma rajista a takarda, sannan a shigar da takardun ta wani fom a intanet. Madam ta ce musu tana da mai iya haɗa fom ɗin. Aka ba ni aikin.

Kawu ya zo ya ja kujera kusa da ni.

"To, Injiniya, nuna mini yadda mutum zai faɗi garinsu a cikin wannan abu."

"Ba rubutawa za a yi ba, Kawu. Ka ga ɗan akwatin nan mai kibiya a gefe? In aka danna shi, sai jerin sunaye ya zubo ƙasa kamar an saki asabari. A zaɓi wanda ake so, asabarin ya naɗe, sunan ya zauna a akwatin."

"Me ya hana a rubuta?"

"In ka bar mutane su rubuta, wani zai sa Gashuwa, wani Gashua, wani Gasuwa. Kwamfuta sai ta ɗauka gari uku ne."

Wannan ya yi masa daɗi ƙwarai. Ya ce, "Ashe na'urar nan ta yi makaranta." Sannan ya tambaya, "Wa ke zuba sunayen a ciki?"

Na buɗe masa bayan shafin, inda ake rubuta umarni. Na nuna masa yadda ake buɗe akwatin da alama ɗaya, a jera kowane suna a layinsa, kowanne da wata lamba a ɓoye a bayansa wadda ita ake aikawa birni, sannan a rufe. Ya daɗe yana kallo.

"Wato wanda ba ka rubuta ba, ba shi da abin zaɓa."

"Haka ne."

"To ba ƙaramin abu aka ɗora maka ba. Rajista ce wannan."

Jerin da ƙungiyar ta aiko manyan garuruwa ne kawai, waɗanda ke cikin taswira. Kawu ya karanta ya ce waɗanda kachalla ta fi ci ba sa nan, suna tungaye da ƙananan ƙauyukan cikin fadama, wasu gida goma ne kacal. Na buga wa shugaban aikin waya, ya ce in ina da sunayen in ƙara. Ba wanda ya aiki Kawu. Washegari ya sayi sabon littafi ya fita. Mako uku ya yi yana yawo, inda mota ke zuwa ya hau a-kori-kura, inda ba ta zuwa ya shiga kwalekwale, inda kwalekwale ya maƙale ya naɗe wando. Ya dawo ƙafafunsa a kumbure, littafin ya sha ruwa a gefe, amma kowane suna na nan da jan biro, an sa masa lanƙwasa inda ya kamata. Kuma duk inda ya sauka ya gaya wa bulaman wurin, wato mai garin, magana ɗaya: "Ɗan ƙanwata ne ke riƙe da rajistar. Ba za a tsallake ku ba."

Kwana biyu muka yi muna shigarwa, yana karantawa ina bugawa. Ya ce a jera su bisa haruffa, kada wani bulama ya ce an fifita wani. Da ya lura sunan farko shi ke zama a akwatin tun kafin a danna, ya ce a'a, haka sai malalacin magatakarda ya bar kowa a gari ɗaya. Shi ya sa na sa layin farko ya zama "Zaɓi garinku". Har yau haka nake yi a kowane fom, kuma abokan aikina na ɗauka a littafi na koya. Da muka iso Tungar Goruba, inda aka haife shi aka haifi Inna, ya ce in danna ya gani. Na danna, sunan ya zauna a akwatin. Ya ce in sake. Sau uku ya sa ni.

Ana saura kwana biyu a fara shigar da takardu, shugaban aikin ya zo daga birni da abokan aikinsa biyu. Kawu ba ya nan, ya tafi jana'iza. Na riga na ji cewa suna neman mai haɗa musu shafuka a ofishinsu, don haka na sa rigata mafi kyau. Shugaban ya danna akwatin, jerin ya zubo har ya wuce ƙasan allo. Ya fara karanta sunayen da ƙarfi, yana karya waɗanda ke harshen Bade, abokansa na dariya. Ɗayansu ya ce, "Waɗannan sunayen garuruwa ne ko na aljanu?" Ni ma na yi dariya. Shugaban ya juyo ya dube ni.

"Kai ma daga cikin nan kake?"

"A'a, ranka ya daɗe. Ni ɗan Nguru ne, asalinmu Kano."

"To. Ya ɗan yi tsawo, amma kai ka san aikinka. In ka ga za a iya taƙaitawa, to. In ba haka ba, bar shi yadda yake."

Abin da ya faɗa ke nan, ban ƙara ba ban rage ba. Bai umarce ni da komai ba. Na sha gaya wa kaina cewa ya umarce ni, har na kusa yarda, amma bai yi ba.

Suna fita na buɗe bayan shafin. Na goge duk sunan da ba ya cikin jerinsu na farko. Abin da Kawu ya tara a mako uku, na share shi kafin a kira la'asar. A ƙarshen jerin na ƙara layi ɗaya: "Sauransu". Na san ya kamata in sa fili a gefe inda za a rubuta sunan garin in an zaɓi wannan layin. Na iya, aikin minti biyar ne. Ban sa ba, don ina son shafin ya fito tsaf irin na mutanen birni. Madam ta zo wucewa ta bayana ta tsaya.

"Ina sunayen Malam?"

"An ce a rage."

"An ce, ko ka ce?"

Na ci gaba da bugawa. Ta ɗan tsaya, ta wuce.

Aka kawo takardu buhu-buhu, masu shigarwa suka zauna suna bugawa. Duk wanda ba su ga garinsu ba, suka danna masa Sauransu. Da aka gama aka kwashe takardun zuwa birni. Bayan wata biyu motocin kaya suka iso, kowace da takardar da kwamfuta ta fitar, gari kaza mutum kaza. Dagona suka samu, manyan garuruwa duk suka samu. Waɗanda ke ƙarƙashin Sauransu kuwa, ba direban da ya san inda zai kai musu, aka raba kasonsu ga waɗanda ke da adireshi.

Kawu ya ji labari a kasuwa. Ya shigo shagon Madam da azahar, bai zauna ba.

"Injiniya, saki asabarin nan in gani."

Na danna. Ya sa yatsa a jikin allo yana bi layi-layi, bakinsa na motsi. Bai daɗe ba ya kai ƙasa. Yatsan ya tsaya.

"Wannan wane gari ne? Na zaga fadamar nan shekara talatin ban taɓa kwana a cikinsa ba. A wane gefen kogi yake?"

"Kawu, na'urar ce ba ta iya ɗaukar sunayen duka."

"Ranar nan ta ɗauka."

Ya cire hularsa ya duba cikinta. Ya daɗe yana dubawa, fiye da yadda na taɓa gani. Sannan ya mayar, ya yi wa Madam sallama, ya fita.

Kwana uku bayan nan Bulaman Tungar Goruba ya zo gida da mutum huɗu. Shi da Kawu sa'o'in juna ne, ɗaki ɗaya aka yi musu kaciya. Ina zaure lokacin, ina zuba musu shayi. Bulama bai taɓa kofinsa ba.

"Malam, ka sha ruwan randata ka ce sunanmu na hannun ɗanka. Na tara mutane na ce su kwantar da hankali. Yau ko lauje ɗaya ba mu gani ba. Ana cewa sayar da sunayenmu aka yi. Ni ban yarda ba, shi ya sa na zo in ji daga bakinka. Kai ne, ko yaron nan ne?"

Duk suka juyo suka dube ni. Butar shayi na hannuna. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, amma Kawu ya riga ni.

"Yaron nan abin da na ba shi ya rubuta. Ruwa ya taɓa littafina, shafinku da na wasu ya goge, na yi kasala ban koma ba. Laifina ne, Bulama."

Wannan ce ƙarya ta farko da na taɓa ji daga bakinsa, kuma ban ƙara jin wata ba. Ya bar mini fili bayanta, ko da zan ce wani abu. Na ci gaba da zuba shayi. Bulama ya miƙe ya ce, "Kasala. To, Allah ya isa tsakaninmu da kasalarka." Suka fita.

Na ce, "Kawu..."

Ya ce, "Kai kofunan nan cikin gida a wanke."

Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya. Ya rubuta wa ƙungiyar wasiƙu da hannunsa, ya haɗa da sunayen tungayen, ya sa hannu a matsayin wanda ya yi kuskuren. Aka amsa masa cewa za a duba a zagaye na biyu. Ba a yi zagaye na biyu ba, aikin ya ƙare. A ranin shekarar gidaje da dama daga Tungar Goruba suka kwashe suka tafi bakin tafkin Chadi neman kifi, wasu ba su dawo ba. Ba na cewa lauje da injin ban ruwa za su tsayar da su. Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Abin da na sani shi ne, Kawu wanda kowace salla a tunga yake yin ta, wanda shi ake kira ya rubuta sunan jariri ranar suna, ya daina samun goron gayyata. In mutanen tunga suka hango shi a kasuwar kifi sai su sauya layi.

Ni kuwa na samu aikin birni. Shugaban ya ce fom ɗina ya fi na kowa tsabta. Kawu ne ya raka ni tasha, ya riƙe mini jaka, ya ce in kula da salla, in riƙa tafasa ruwan sha. Ya gaya wa duk wanda ke tashar cewa ɗan ƙanwarsa ya zama injiniya na gaske.

Shekara huɗu ina zuwa gida da salla, kowace tafiya da niyyar in faɗa, kowace komawa da niyyar sai ta gaba. Zuwana na ƙarshe na same shi a kwance, ciwon ƙoda ya rage shi kamar kara. Ya riƙe hannuna ya tambayi aiki.

"Har yanzu kana haɗa akwatunan nan?"

"Ina yi, Kawu."

"Ka riƙa bar musu fili a ƙasa. Ba wanda ya san duk garuruwan Allah."

Na ce to. Ɗakin ba kowa sai mu biyu. Ya dube ni, bai saki hannuna ba. Na tambaye shi ko yana shan maganinsa a kan lokaci.

Ranar sadakar uku, da hantsi, sai ga Bulama ya zo yana dogara sanda. Wurin ya yi tsit, don kowa ya san tsakaninsu. Ya zauna, aka yi addu'a, sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ku shaida, abin da Malam ya yi mana na rajista, ni da mutanena mun yafe. Mutum ne, ya yi kasala sau ɗaya. Kada Allah ya kama shi da haƙƙinmu."

Jama'a suka ce madalla, wasu na share hawaye. Baba ya ce, "Ka yi halin manya." Ina zaune tsakaninsu, na ce amin tare da kowa.

Bayan sadakar bakwai na hau mota zuwa Dagona, daga nan na shiga kwalekwale. An sare wata 'yar siririyar hanya a cikin kachalla, ciyawar ta fi tsayin mutum ta ko'ina. Na iske Bulama a ƙofar gidansa yana gyaran koma. Ya yi mini lale, ya sa aka kawo ruwa. Ban sha ba. Na durƙusa na faɗa masa komai, tun daga dariyar da na yi, da abin da na ce game da asalina, har zuwa butar shayi. Na ce littafin Kawu bai goge ba, yana nan a akwatinsa, sunansu na shafi na huɗu.

Ya ajiye komar.

"Sau biyu Malam ya zo nan bayan abin," in ji shi. "Na farko da ƙanwar matata ta rasu. Na biyu haka kawai ya zo, ya tsaya can inda ka ɗaure kwalekwale. Duka biyun ban sa an shimfiɗa masa tabarma ba. A tsaye ya gaishe ni, a tsaye ya koma."

Na ce, "Ka yafe mini, Baba."

"Kai ka zo, ka same ni da rai, ka sauke kayanka. Ni wa zan je in samu?"

Ya sa hannu ya share fuskarsa, ya jawo sandarsa ya miƙe da ƙyar.

"Yafiya ba tawa ba ce ni kaɗai. Na tara su na zage shi, yanzu zan tara su ka wanke shi. In an idar da la'asar za ka tsaya a ƙofar masallaci ka faɗa yadda ka faɗa mini, kada ka rage ko kalma. Tashi ka yi alwala."

Na tashi. Masallacin ɗan ƙarami ne na jinka, sahu biyu da rabi muka yi. Da liman ya sallame, Bulama ya buga sandarsa a ƙasa ya ce kowa ya tsaya, ɗan ƙanwar Malam na da magana. Suka juyo. Wani tsoho a sahun gaba ya yi murmushi ya matsa mini wuri, yana tsammanin godiyar ta'aziyya na kawo.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa ƙaryar da ya yi domina, ya ɗora nauyinta a kan wanda ya ci amfaninta. Duk wanda ya karanta wannan ya kuma san Malam, in ya taɓa jin an ce ya yi kasala, to ya sani bai yi ba. Ni ne.